Motar Da Babana Ya Jingina Da Ita

Jama'a, yau ku yafe min doguwar gaisuwa. Ina zaune a shagona, na sauke ƙofa rabi, keken ɗinki a rufe tun safe. Ga lesin wata mata mai biki ranar Asabar mai zuwa, yana kallona ina kallonsa. In kun ga magana ta karkace, ku yi min uzuri.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Radiyya Nata'ala, shekarata ashirin da huɗu. A Agege ta Legas aka haife ni, a nan na yi wayo, Yarbanci ma in ina yi sai na faɗa za a san Bahaushiya ce ni. Tela ce, shagona na bakin layin dogo kusa da masu goro. Ni da Ummata muke zaune a ɗaki biyu cikin gidan Baffa Badaru, yayan mahaifina, wanda duk Agege an san shi da dillancin goro.

Abin da aka gaya min tun ina ƙarama shi ne babana direban tanka ne. A shekarar 2003, ina da shekara biyu, tankarsa ta kama da wuta a hanyar Apapa, ko gawarsa ba a samu ba. Haka na tashi, duk inda na gitta sai a ce, "Allah sarki, marainiyar Nata'ala."

Hoto guda ɗaya tal nake da shi nasa. Ina 'yar shekara goma sha biyu na tubure da kuka a kan sai na ga fuskar ubana, kwana uku ban ci abin kirki ba. Bayan mako guda Umma ta ce ta tsinci wani hoto a ƙasan akwatinta. Baƙi da fari ne, gefensa duk ya yi ja-ja don tsufa. Wani dogon mutum ne siriri cikin kaftani, ya karkata hula, ya jingina da mota ya ɗora hannu a kan rufinta. Hancina ne sak a fuskarsa.

Motar nan kuwa ta daɗe tana ci min rai. Ba Fijo ba ce, ba Marsandi ba, ba kuma irin 'yar dunƙulen nan da Yarbawa ke kira ijapa ba. Bakinta dogo ne shafal kamar kan tarwaɗa, fitilunta a cikin gilashi, tayoyin baya rabinsu a ɓoye, ga ta kwance ƙasa-ƙasa kamar an sace mata iska. Na taɓa tambayar Baffa, ya ce, "Ke dai Allah ya jiƙan mai hoton. Mota kuma me za ta yi miki?" Umma kuwa ta hana ni ko ɗaukarsa a waya. A akwati yake zama, sai na roƙa a fito min da shi in kalla a mayar.

Sai Mahbub. Wata goma sha huɗu ke nan da ya fara shigowa shagona da atamfa a leda, ya ce ta ƙanwarsa ce, a ɗinka mata riga da zani. Bakanike ne a wani gareji a Ogba inda ake gyaran tsofaffin motoci, irin waɗanda masu kuɗi ke ajiyewa don marmari. Ko wankan Sallah ya yi, baƙin mai ba ya barin ƙarƙashin farcensa. Ina tsokanarsa da Injiniya, shi kuma yana ce min Madam Almakashi. Ba zan ɓoye muku ba, na so shi, so irin wanda in wayata ta yi ƙara nake cake yatsa da allura.

Ranar da ya zo gaida Baffa, da fari lafiya lau, har goro aka ba shi. Da Baffa ya tambayi wane gareji ne, Mahbub ya faɗa, sai fuskar nan ta rufe ruf. Yana fita Baffa ya ce, "Ba zan ba bakanike 'ya ba." Tun daga nan kullum da sunan sabon manemi a gidanmu. Yau Ja'afar mai shagon waya a Ikeja, gobe ɗan wani aminin Baffa a Sagamu. Umma kuma ba ta cewa komai sai, "Ke, ki bi a hankali." Ni ce 'yar farinta, ba ta kama sunana, "ke" ce ni tun ina zanin goyo.

Shekaranjiya Alhamis Umma ta yafa mayafinta ruwan ƙasa, ta ɗauki buhun cefane ta ce ta tafi kasuwar Mile 12 sayo barkono da tattasai, kamar yadda take yi duk bayan mako biyu. Ta manta mukullin akwati a kan firij. Shaiɗan ne ko rabo, oho. Na buɗe, na ɗaga zannuwa, na ɗauki hoton a waya na tura wa Mahbub.

"Injiniya, kai da ka ce babu motar da za ta gagare ka, ga jarrabawa."

Ya buɗe nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai da aka kusa minti goma.

"Ina kika samo wannan?"

"Babana ne. Amsa min tambayata mana, ko ka faɗi?"

"Citroen DS ce, ƙirar Faransa. Masu fitila cikin gilashi irin wannan daga 1967 aka fara su. Dubi sitiyarin, a dama yake, wato ta shigo ƙasar nan kafin a canza hannun tuƙi a 72. In an kashe ta kwanciya take yi, in an tayar sai ta miƙe."

Wayyo, daɗi kashe ni! Na shiga intanet na rubuta sunan, ga su nan birjik, sak ta hoton. Na zauna a bakin gadon Umma ina dariya ina share hawaye. Shekara goma sha biyu ina kallon motar nan, yau na san sunanta. Ji na yi kamar an ƙara min wani ɗan yanki na babana.

Sai ga saƙon murya. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, ana jin bugun guduma a bayansa.

"Radiyya, ki ja hoton ya ƙara girma. Ki dubi lambar motar."

Na ja. Haruffa uku a gaba, sai lambobi uku, sai wasu haruffa biyu. A bayan rubutun akwai inuwar taswirar Najeriya.

"Na gani. Sai me?"

"Leƙa titi ki dubi lambar duk motar da ta wuce."

Na zura silifas na fita ƙofar gida. Danfo, bas ɗin hayar Legas, ta wuce, irinta ce. Wata jif ta wuce, irinta ce. Na rubuta masa, "Iri ɗaya ne mana, ba duk Legas ba ce?"

"Irin wannan lambar ba a fara bayar da ita ba sai 2011. Kafin nan haruffa ukun a ƙarshe suke, kuma babu taswira."

Na tsaya ƙiƙam da waya a hannu. Ni ba gwanar lissafi ba ce, amma tela ta san awo. Mutumin da ya ƙone a 2003, ya aka yi ya jingina da lambar 2011? Wani ɗan okada ya danna min hon har sau uku kafin na gane a tsakiyar hanya nake.

Bayan la'asar Umma ta dawo. Ta ajiye buhu, ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta zuba shinkafar waina a tire tana tsincewa. Na zo na ajiye hoton a kan shinkafar.

"Wa ya ce ki taɓa min akwati?"

"Umma, matattu suna ɗaukar hoto?"

"Wace irin maganar banza ce wannan?"

"Lambar motar nan ta 2011 ce. Umma, ki dube ni. Don girman Allah ki dube ni."

Ba ta dube ni ba. Hannunta ya tsaya cak a cikin shinkafa. Can ta ce, a hankali kamar mai magana da tiren, "Wa ya san lamba ma tana da shekaru?"

Na zauna a kan siminti. A nan ta ba ni labarin, tana yi tana goge ido da bakin zani. Tanka ba ta kama da wuta ba. Birki ne ya tsinke masa, ta afka cikin mutane a wata tasha, mutum huɗu suka rasu. Tsoro ya sa ya gudu, aka kamo shi, aka ɗaure shi shekara tara. Baffa ya tara manyan gida ya ce wannan yarinya wata rana za a zo neman aurenta, kuma za a yi bincike. In aka ce marainiya ce kowa zai tausaya. In aka ce ubanta na gidan yari da jinin mutum huɗu, babu gidan mutunci da zai ɗauke ta. Sai aka kai Umma ƙauyensu ta yi wata huɗu da kwana goma, ta dawo a matsayin wadda ta fita takaba.

"Da ya fito fa?"

"Baffanki ne ya tarbe shi a ƙofar gidan yarin. Ya ce masa an riga an yi maka addu'ar arba'in, in kana son 'yarka ka ci gaba da zama a mace. Wani tsohon likita a Ogba ya ɗauke shi direba. Motar likitan ce."

"Hoton kuma?"

"Ke ce kika ƙi cin abinci. Na aika masa. Ya zaɓi motar da ta fi tsufa a gidan, ya sa mai hoto ya wanke shi baƙi da fari." Ta ja hanci. "Ni na shafa wa gefen ruwan shayi, na sa a rana."

Ruwan shayi, jama'a. Hoton da nake sumbata ina cewa ƙamshin zamanin da ne.

"Umma, tun da na fara riƙe kuɗin kaina, duk Juma'a sai na sayi ƙosai na kai ƙofar masallaci sadaka, ina cewa Allah ya kai haske kabarinsa. Ke kike ƙulla min a leda! Kina kallona!"

"Sadaka ba ta faɗuwa ƙasa, ko ga mai rai."

"Kar ki yi min wa'azi yau. Aurenku fa?"

Ta ci gaba da juya shinkafa.

"Umma, aurenku fa?"

"Yana nan."

Na juya na dubi buhun da ta shigo da shi. Barkonon da ke ciki ko mudu biyu bai kai ba, wanda za a samu a nan bakin titi. Mace ta fita tun ƙarfe tara na safe ta dawo bayan la'asar da wannan.

"Yau ma daga wurinsa kike."

Ta rufe fuska da tafukanta. Shi ke nan, na samu amsa. Shekara da shekaru, duk bayan mako biyu, ni ina shago ina tausayin uwata mai shan rana a Mile 12, ita tana Ogba tana zuba wa babana abinci. Ta ce duk yankin nan garejin su Mahbub ne kaɗai ke iya taɓa motar, shi ya sa Baffa ya tsorata da ya ji sunan wurin. Ashe ba bakanikanci ya ƙi ba, asirinsa yake tsaro.

Na shige ɗaki na murɗa mukulli. Na tsani gidan nan gaba ɗaya, har da labulen da ni na ɗinka. Na rubuta wa Mahbub, "Babana yana raye. Kowa ya yi min ƙarya. Kai kaɗai ka rage min."

Ya karanta. Sannan ya ce, "Ki zo gareji gobe da ƙarfe goma. Za a kawo motar."

Ku da kuke karantawa na san har kun fara girgiza kai. Ni kuwa wallahi ko ɗar ban ji ba. Cewa na yi Allah ya ba ni mai gaskiya.

Jiya da safe sau uku ina canza kaya. Me mutum ke sakawa in zai je ganin ubansa karon farko? Na sa les ruwan ƙwai, na ga kamar mai zuwa biki. Na sa baƙar abaya, na ga kamar mai zuwa ta'aziyya. A ƙarshe na sa atamfa shuɗiya da farin mayafi, ban shafa ko hoda ba. Umma na tsaye a bakin madafa, ta ce, "Ke…" Na wuce ta. Na tari keke napep zuwa Ogba.

Garejin fili ne babba an rufa masa kwano, ƙasa baƙi ƙirin da mai, tsofaffin motoci jere an lulluɓe wasu da tamfol. Tun daga ƙofa na hango ta. Ashe koriya ce. Duk tsawon shekarun nan a raina baƙa ce. Tana kwance cikinta kusan a ƙasa, wani dattijo na zaune a mazaunin direba ƙafa ɗaya a waje. Ya murza mukulli. Sai ga bayanta ya ɗaga a hankali, sannan gaban ya biyo, yadda raƙumi ke tashi.

Ya fito yana goge hannu da tsumma. Gemu ya yi fari, ya ɗan ranƙwafa, amma hular a karkace take. Ya ɗago ya gan ni. Na zaci zai firgita, ko ya tambayi wace ce. Murmushi ya yi.

"Radiyya," ya ce. "Ashe kin fi tsawo a fili. A waya ba a ganewa."

"A wace waya?"

Ya laluba aljihu da rawar jiki ya fito da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya matso yana nuna min kamar yaro da sabon abin wasa. Ga ni a kan keken ɗinki da tef a wuya. Ga ni a bakin shago ina cin masara. Ga ni ranar Babbar Sallah cikin les ɗin nan ruwan ƙwai, na karkata kai ina dariya. Wannan na ƙarshen ban sa shi ko'ina ba. Mutum ɗaya na tura wa, da hannuna, na rubuta a ƙasa, "Naka kai kaɗai."

Na waiga. Mahbub na tsaye a bayana cikin kayan aiki, sifana a hannu, idonsa a ƙasa.

"Injiniya," na ce. "Tun yaushe?"

"Radiyya, bari in…"

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in san ki." Ya nuna dattijon da kai. "Baba ne ya sayi atamfar, ya kwatanta min shagon. Ya ce in je in ga yadda kike, in ɗauko masa hotonki. Ba ni da ƙanwa a Legas. Zuwan farko aike ne, na yarda. Amma wallahi tallahi son da nake miki babu wanda ya aike ni."

"Wata goma sha huɗu," na ce.

"Ya sa na dafa Alƙur'ani a kan ba zan faɗa ba. Kullum abin na cina. Da kika turo hoton sai na ga hanya. Ban karya rantsuwa ba, ban ce miki komai ba, lamba kawai na nuna miki."

"Sannu, malam mai tsoron Allah. Ranar da ka raka ni ƙofar masallaci, ka riƙe min ledar ƙosai, na ce Allah ya yafe wa babana ya sa ya huta, me ka ce?"

Ya shiga juya sifanar a hannunsa.

"Me ka ce, Mahbub?" Ranar ce ta farko da na kira sunansa gatsal.

"Na ce amin."

Sauran makanikai duk sun daina aiki. Ogansu, wani Bayarabe mai tumbi, ya ce musu su koma bakin aikinsu, amma shi ma bai motsa ba.

Dattijon ya shiga tsakaninmu yana ɗaga hannu. "A'a, a'a, kar ki ga laifinsa, nawa ne. Shekara biyar ina kallon yaron nan, bai taɓa sa min tsohon ƙarfe ya ce sabo ne ba, salla ba ta wuce shi. Ki kwantar da hankalinki a kan Badaru, ba shi da ikon hana komai. Ni ne ubanki, ni ne waliyyinki." Ya faɗaɗa murmushi, yadda ake yi in za a miƙa wa mutum tsaraba. "Tun azumin bara na ba shi ke. A nan, a gaban motar nan."

Tun azumin bara. Lokacin ni ina can ina tashi tsaye a kan darduma ina roƙon Allah ya karkato da zuciyar Baffa, ina faɗa da Umma, ina korar Ja'afar da baƙar magana, ina jin kaina jaruma mai yaƙi don wanda ta zaɓa. Ashe an zaɓa, an bayar, an shafa fatiha a gareji. Ni ce kawai ba a gaya wa ba.

Duk rayuwata ina tanadin kalmar Baba, ina cewa da zan gan shi sau ɗaya ko a mafarki da na faɗa masa ita. Ga shi a gabana, taku biyu, da hancina a fuskarsa. Na buɗe baki, wata magana daban ta fito.

"Malam, ni babana ya rasu ina da shekara biyu. Matacce kuma ba ya ba da aure."

Tsumman hannunsa ya faɗi ƙasa. Murmushin bai tafi nan take ba, ya ɗan tsaya a fuskar kamar bai ji abin da aka ce ba, sannan ya gushe. Na juya. Mahbub ya biyo ni har titi yana kiran sunana, na ce in ya ƙara taku ɗaya zan tara masa jama'a. Na faɗa keken farko da ya tsaya, ban ma tambayi inda za shi ba.

Ban koma gida ba, wurin ƙawata Nafissa na sauka. Yau ga ni a shago. Umma ta kira sau goma sha ɗaya. Baffa sau biyu, shi da bai taɓa kirana da kansa ba. Mahbub ya cika min waya da saƙo, ban buɗe ko ɗaya ba, kuma abin haushin shi ne har yanzu in wayar ta yi ƙara sai gabana ya faɗi irin na da.

Ɗazu kuma wata baƙuwar lamba ta turo saƙon murya na minti huɗu. Hoton da ke kan lambar koriyar mota ce. Ban saurara ba, ban kuma goge ba. Na shiga wurin ajiye lamba, wayar ta tambaye ni suna. Tun kafin azahar nake riƙe da ita, har yanzu ban san abin da zan rubuta ba.